YURIK ASID, CIWON SUGA DA LAFIYAR ZUCIYA: KADA A BAR JAKI A DAKI TAIKI

(Jawabin da aka gabatar a babban taron shekara-shekara na ƙungiya, kwana biyu bayan Babbar Sallah)

  



Kwamitin shirya taro ya nemi mu 'ya'yan garin nan masu aikin asibiti mu zaɓi batu guda na kiwon lafiya mu yi wa jama'a bayani. Da muka zauna shawara sai muka tarar kusan kowannenmu yana da hoton wata takardar gwajin jini a wayarsa, wadda wani yaya ko kawu ko inna ta turo masa, an ja layi a ƙarƙashin wani abu wai shi yurik asid. Tambayar kuma iri ɗaya ce: "Likita, an ce nawa ya hau. Wane magani zan saya?" Galibin masu tambayar suna fama da ciwon suga, da yawansu kuma har da hawan jini. Amsar ba ta shiga cikin saƙon waya, shi ya sa muka ga ya dace mu ba da ita a nan, gaban kowa.

Yurik asid ba baƙo ba ne a jiki. Mai lafiya da marar lafiya kowa yana da shi a jininsa. Jikin ɗan'adam tamkar gari ne da kullum ake rushe tsofaffin ɗakuna ana tayar da sababbi, kuma a cikin ɓaraguzan akwai wasu sinadarai da ake kira fiyurin. Hanta ce ke narkar da su, abin da ya saura kuma shi ne yurik asid. Mafi yawansa daga jikin kansa yake samuwa, ragowar daga abinci. Ƙoda tana fitar da kamar kashi biyu cikin uku ta fitsari, sauran ya bi ta hanji. Saboda haka idan ya taru, ɗayan biyu ne: ko dai ana samar da shi fiye da kima, ko kuwa ƙoda ba ta fitar da shi yadda ya kamata. Na biyun ya fi yawa nesa ba kusa ba, kuma muna roƙon a riƙe wannan, don za mu komo kansa.

Akan ce ya hau idan ya wuce miligiram 7 a kowace desilita ta jini ga namiji, ko miligiram 6 ga mace. Wasu ɗakunan gwaji kuwa da wani ma'auni dabam suke aiki, mai suna maikuromol, inda iyakar take 420 ga namiji, 360 ga mace. Mun sha ganin mutum ya tayar da hankalin iyalinsa don ya ga 350 a takardarsa alhali abokinsa 6 aka rubuta masa, ba su san kusan abu ɗaya ba ne. Lambar farko ake ninkawa sau 60 a sami kusan ta biyu.

Daga wajen miligiram 6.8 jini ba ya iya riƙe shi a narke, kamar yadda gishiri kan kwanta a gindin kwano idan ya fi ƙarfin ruwan. Sai ya riƙa daskarewa yana zama 'yan tsinkaye masu kaifi kamar allura a cikin gaɓɓai. Wannan shi ke kawo wani nau'in amosanin gaɓɓai da likitoci ke kira gawut. Yakan far wa mutum cikin dare, galibi a gindin babban ɗan yatsan ƙafa, wurin ya kumbura ya yi zafi har ko mayafi ya taɓa sai an yi ƙara. Wani likitan Ingila, Alfired Garod, shi ya nuna a 1848 cewa masu wannan ciwo suna da yurik asid da yawa a jininsu. A can Turai an daɗe ana yi masa kirari da ciwon sarakuna, don masu wadatar nama da giya ya fi kamawa. Allah Ya tsare mana namu sarakunan. Yau dai ya sauko daga fada, ya shiga ofis da kasuwa. Sai dai a sani, akasarin waɗanda nasu ya hau ba za su taɓa jin wannan ciwo ba har ƙarshen rayuwarsu.

To me ya haɗa shi da ciwon suga? A nau'i na biyu na ciwon suga, wanda ya fi kama manya, jiki ne ke daina sauraron insulin, sinadarin da ke shigar da suga cikin tsoka. Da jiki ya ga haka sai ya riƙa ƙara yawan insulin, shi kuma insulin idan ya yi yawa yakan sa ƙoda ta riƙe gishiri, ta riƙe yurik asid. Wannan ne dalilin da ya sa tumbi da hawan jini da yawan kitse a jini da ciwon suga da yurik asid suke tafiya ayari guda. Bugu da ƙari, ciwon suga kan ci ƙoda sannu a hankali ba tare da wani zafi ba, ƙodar da ta fara gajiya kuwa ba ta iya tace yurik asid sosai. Akwai kuma wani abin mamaki da ya kamata a sani. Idan suga ya hau ƙwarai har yana zuba cikin fitsari, yakan ja yurik asid su fita tare, sai a ga lambar ta sauka. Don haka mai ciwon suga da bai kula da kansa ba yana iya ganin yurik asid ɗinsa daidai, ya ɗauka lafiya ce, alhali ɓarna ce ta rufe ɓarna.

Yanzu mu zo ga zuciya, wadda ita ce ainihin abin da ya tsayar da mu a gabanku. Mai ciwon suga ya ninka wanda ba shi da shi kusan sau biyu wajen haɗarin toshewar jijiyoyin zuciya da shanyewar ɓarin jiki, kuma waɗannan su ne kan gaba wajen ajalin masu ciwon. Tambayar da masana suka daɗe suna yi ita ce: idan yurik asid ya hau a jikin irin wannan mutum, haɗarin yana ƙaruwa? In kuma yana ƙaruwa, yurik asid ɗin ne ke yin ɓarnar, ko kuwa ɗan rakiya ne kawai?

Amsar kashin farko ita ce e. A ƙasar Finlan an bi diddigin masu ciwon suga 1,017 har shekara bakwai, aka buga sakamakon a 1998, aka ga waɗanda yurik asid ɗinsu ya fi yawa sun kusa ninka sauran wajen shanyewar ɓarin jiki. A birnin Berona na Italiya an bi mutum 2,726 masu ciwon suga, rahoton 2009 ya nuna mutuwa ta dalilin zuciya da jijiyoyin jini tana ƙaruwa da ƙaruwar yurik asid, ko bayan an cire tasirin sauran abubuwa. An kuma ga a gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye cewa idan aka ɗaga musu shi da gangan jininsu yakan hau.

A kashi na biyu ne aka rabu. Mashahurin binciken zuciya na garin Firamingham a Amurka, wanda aka fara tun 1948, ya duba mutum fiye da 6,700, ya ba da rahoto a 1999 cewa da zarar an yi la'akari da shekaru da hawan jini da ƙiba da magungunan da mutum ke sha, alaƙar yurik asid da ciwon zuciya sai ta ɓace. Wani binciken da aka yi kan masu ciwon suga a Firimantil ta Ostareliya ya zo da irin wannan sakamako a 2010. Gardama irin wannan hanya ɗaya ce ke raba ta: a saukar da yurik asid da magani a wasu mutane, a bar wasu, a jira a gani. An kuwa yi. A Birtaniya an ɗauki mutum 5,937 masu shekara 60 zuwa sama, dukkansu masu ciwon jijiyoyin zuciya amma ba su da gawut, aka ba rabinsu maganin alofurinol, aka bi su kusan shekara biyar. Sakamakon ya fito a 2022. Yurik asid ya sauka sosai, amma bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki da mutuwa ba su ragu ba. Kafin nan, a 2020, an gwada maganin shekara uku a kan mutum 530 masu ciwon suga nau'i na farko waɗanda ƙodarsu ta fara taɓuwa, a Amurka da Kanada da Denmak, bai hana ƙodar ci gaba da rauni ba.

Abin da muka fahimta daga wannan duka, kuma shi muke aiki da shi a asibiti, shi ne yurik asid a jikin mai ciwon suga kamar hayaƙi yake a saman rufin ɗaki. Wanda ya ga hayaƙi ya ɗauko mafici yana kore shi bai kashe wuta ba, wanda kuma ya ce ai hayaƙi ne kawai ya koma barci ya fi shi wauta. Ruwa ba ya tsami banza. Lambar da ta hau tana cewa a je a duba ƙoda, a auna jini, a auna kitsen jini, a dubi tumbi, a dubi abin da ake sha. Wanda ya sayi ƙwayar saukar da yurik asid a kemis, ya ga lambar ta dawo daidai, ya kwanta da hawan jininsa na 170 bisa 100, shi ne ya bar jaki yana dukan taiki.

Wannan magana ta shafi wanda lambarsa ce kawai ta hau. Wanda gawut ya riga ya kama, musamman idan yana dawowa sau biyu ko fiye a shekara, ko ya fito da ƙulluttai a gaɓɓai, ko yana da tsakuwar ƙoda, hukuncinsa dabam ne. Shi yana bukatar maganin, kuma na dogon lokaci, har lambar ta sauka ƙasa da 6 ta zauna a can. Wani nazari da aka yi da bayanan masu gawut fiye da 62,000 a Ingila, aka buga a 2022, ya nuna haɗarin bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki yana tashi a cikin kwana 60 na farko bayan tashin ciwon, bai kuma gama kwantawa sai bayan wajen kwana 120. Ke nan tashin ciwon ƙafa ga mai ciwon suga dalili ne na ganin likita cikin makon, ko da ƙafar ta lafa. Shi ma alofurinol ɗin da kaɗan ake farawa, miligiram 100 ko ƙasa da haka, ana ƙarawa a hankali, domin a wasu mutane yakan kawo mummunar saɓulewar fata da ke iya kisa, kuma ƙwayar gadon da ke jawo hakan ta fi yawa a mutanen gabashin Asiya da baƙaƙen fata fiye da Turawa. Duk wanda ya fara shi ya ga ƙuraje ko zazzaɓi ko gyambon baki, ya tsaya nan take ya nufi asibiti.

A nan muna so mu ɗan daɗe, domin a nan ne muke rasa mutane. Ga yadda abin yakan kasance. Magidanci ɗan shekara hamsin da 'yan kai, mai ciwon suga, ya tashi da asuba ƙafa ta kumbura. Ya aiki yaro kemis, a ƙullo masa haɗi a leda: ƙwaya huɗu ko biyar masu launi dabam-dabam, ba suna ba kwali. A cikin haɗin galibi akwai dikilofenak ko ibufurofen, wani lokaci dukkan biyun, sannan ga dekzametazon ko firedinisolon. Kafin la'asar ya miƙe yana sa wa mai kemis albarka. Abin da bai sani ba, ƙwayoyin farko suna ɗaga hawan jini, suna takura ƙodar da ciwon suga ya riga ya raunana, suna kuma ƙara haɗarin zuciya idan aka daɗe ana sha. Na biyun kuwa suna harba suga sama har ya gagari magani. Bayan wata biyu ciwon ya dawo, a sake aiken yaro. A shekara uku ko huɗu sai a kawo mana shi fuska a kumbure, ana maganar wankin ƙoda. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Ba muna cewa waɗannan magunguna ba su da amfani ba ne. Mu ma muna rubuta su, amma bayan mun san halin ƙoda, kuma na 'yan kwanaki ƙididdigaggu.

Haɗari na biyu ya fi wannan gaggawa. Ba kowace ƙafa mai kumburi da zafi ce gawut ba. A jikin mai ciwon suga tana iya zama ƙwayoyin cuta ne suka shiga ta wata 'yar kafa, ƙaya ko ƙusa ko tsagewar kaushi, wadda bai ji ba saboda jijiyoyin ƙafarsa sun mutu. Idan aka ɗauke ta a matsayin gawut aka yi ta shan haɗi ana shafa man zafi, kwana kaɗan sun isa a kai ga yanke ƙafa. Mutuwar jijiyoyin nan kuma ita ke sa bugun zuciya ya zo wa mai ciwon suga ba tare da ciwon ƙirji mai tsanani ba. Wani gajiya kawai zai ji, da gumi, da sarƙewar numfashi, ko ƙwarnafi, a ce masa gyambon ciki ne. Iyayenmu mata, ku kuka fi kusa da su. Idan kuka ga haka kada a jira gari ya waye.

Mu komo kan abinci, tunda har yanzu ƙamshin suyar layya bai bar unguwanni ba, kuma mun ga wasu suna kallonmu a kaikaice. Ba mu zo hana kowa nama ba. Inda fiyurin ya fi taruwa shi ne kayan ciki: hanta da ƙoda da zuciya, kuma yakan fita ya shiga romo, don haka farfesun kayan ciki ya fi tsoka nauyi ga mai wannan matsala. Haka kifin gwangwani da jatan lande. Giya kuwa, wadda addini ya riga ya raba mu da ita, tana cikin mafiya muni. Mu mazauna birni matsalarmu ita ce Sallar tamu ba ta ƙarewa: tsire da balangu da kilishi kowane dare a hanyar dawowa daga aiki, a mota muka je a mota muka dawo, alhali iyayenmu da suka ci irin wannan nama sau ƙidaya a shekara suka ci shi, kuma da fartanya a kafaɗa.

Amma abin da aka fi mantawa da shi ba nama ba ne, zaƙi ne. Rabin sukarin da muke zubawa a shayi wani nau'i ne da ake kira furuktos, wanda idan hanta tana sarrafa shi take samar da yurik asid. Wani bincike da aka yi kan maza ma'aikatan lafiya fiye da 46,000 a Amurka, aka buga a 2008, ya nuna mai shan lemon kwalba biyu ko fiye a rana ya fi wanda bai kai ɗaya a wata ba haɗarin gawut da kashi 85 cikin ɗari. Zoɓo da kunun aya da fura idan aka cika musu sukari duk hanyar ɗaya ce. Zuma tana da falalarta wadda ba mai musu, amma ita ma cike take da furuktos, don haka mai ciwon suga da ya bar sukari ya koma zuba zuma cokali uku a shayi bai yi nisa ba. A ɗaya gefen kuma akwai albishir. Binciken waɗannan ma'aikata, a rahotonsa na 2004, ya nuna wake da ganyaye ba sa ƙara haɗarin gawut ko da suna da fiyurin, madara da nono marasa maiƙo kuwa rage shi suke yi. Ke nan waɗanda aka hana wa wake da alale saboda yurik asid an hana su a banza, kuma nonon da aka kaɗe aka cire masa man shanu, in ba a sa sukari ba, abokin tafiya ne.

Ƙishirwa ma tana ɗaga shi. A zafin bazara, da kuma watan azumi, jiki yakan bushe, ƙoda ta rage fitar da shi. Mai ciwon suga ya ga likitansa tun cikin Sha'aban, ya kuma yawaita ruwa tsakanin buɗa-baki da sahur maimakon lemo. Wasu magunguna su ma suna ɗaga shi: ƙwayoyin hawan jini masu sa fitsari, da asfirin ƙarami, da wasu daga cikin magungunan tarin fuka. Kada kowa ya daina su don ya ji wannan a bakinmu, domin amfaninsu ya rinjayi wannan illa. A gaya wa likita kawai, shi ya san abin da zai musanya. Akwai maganin hawan jini mai suna lozatan da ke saukar da yurik asid, akwai kuma sababbin magungunan suga irin su emfagilifulozin da dafagilifulozin, masu fitar da suga ta fitsari, waɗanda aka tabbatar suna kare zuciya da ƙoda, suna kuma saukar da shi a kan hanya. Tsadarsu ce matsalar, mun sani.

Wanda ya riƙe takardar gwaji a aljihunsa yanzu, idan ya koma birni ya nemi a yi masa abubuwa huɗu kafin a yi maganar ƙwaya. A auna hawan jininsa, abin nema shi ne ƙasa da 130 bisa 80. A yi masa gwajin sugan wata uku, wanda ga yawancin manya ake son ya tsaya wajen kashi 7 cikin ɗari. A duba ƙodarsa ta jini da ta fitsari, domin zubar furotin a fitsari ita ce alamar farko, tun kafin kumburi, kuma sau ɗaya a shekara ake son yin wannan. Sannan a auna kitsen jininsa, a kuma tambayi likita ko lokacin fara maganin kitse ya yi, tunda ga mai ciwon suga da ya kai shekara 40 galibi ya yi. Mai shan taba kuma ya san tasa ta fi ta kowa.

Ranka ya daɗe, shugaban ƙungiya, muna da roƙo. Mu na birni muna da ɗakunan gwaji a kowane titi, amma iyayenmu da ƙannenmu da ke nan gida da yawansu ba a taɓa ɗaura musu na'urar awon jini a hannu ba, balle a san suna da suga. Muna neman ƙungiya ta ware wani abu daga kuɗin shekara ta sayi na'urorin awon jini da na awon suga da tsinkayen gwajin fitsari, a ajiye su a asibitin garin nan a hannun ma'aikatansa, a kuma riƙa sake sayen tsinkayen idan sun ƙare, don na'ura ba tsinke kwalliya ce. Mu kuma a namu ɓangaren mun ɗauki alkawarin kowace Sallah, Ƙarama da Babba, za mu zauna yini guda mu duba duk wanda ya zo kyauta, mu rubuta wa wanda ya kamata takardar zuwa babban asibiti. Za mu fara gobe in Allah Ya kai mu, daga ƙarfe takwas na safe, a makarantar firamare. Mai son a auna masa suga ya zo kafin ya karya kumallo, ya kuma taho da duk magungunan da yake sha, har da haɗin leda da na gargajiya. Ba za mu yi wa kowa faɗa ba.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya mayar da kowa gidansa lafiya.